"That Means" a Cikin Jimlar Hausa: Nazari Daga Unguwa Uku, Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda sassan Ingilishi irin su "that means" da "I mean" da "this means that" suke shiga jimlar Hausa a bakin mazauna ƙaramar hukumar Tarauni, da kuma abin da suke turewa idan sun shiga. Hausa ta rarraba aikin fassara magana tsakanin "wato" da "ma'ana" da "ke nan" da "nufi" da "alama", kuma kowace daga cikinsu tana bayyana wanda alhakin fassarar ke wuyansa. Ingilishi ya tara wannan aiki duka a kan aikatau ɗaya. A hirar majalisa babu wanda hakan ya dama. A gaban ma'aikacin lafiya da gaban alƙali kuwa yana iya sauya abin da mutum zai koma gida da shi.

Gabatarwa

Wanda ya bi titin Zariya daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Unguwa Uku zai ratsa wurare da dama da ba su da aiki kullum sai juya magana daga wani baki zuwa wani. Ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, inda ake rubuta kati da sakamakon gwaji da Ingilishi, a yi wa majinyaci bayani da Hausa. Ga Babbar Kotun Tarayya a kan titin Kotu. Can gaba ga sakatariyar ƙaramar hukumar Tarauni, ga tashar motar Unguwa Uku da ke lodin Zariya da Kaduna da Abuja, ga kasuwar 'Yan Awaki. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum 221,367 a fili mai murabba'in kilomita 28, kuma kowa ya san yadda unguwannin Darmanawa da Hotoro da Daurawa suka tumbatsa tun daga lokacin. A irin wannan wuri takarda da Ingilishi take magana, baki da Hausa, kuma dole wani ya tsaya tsakani ya ce ga abin da ake faɗa.

Misalan da zan kawo irin maganganun da ake ji ne yau da kullum a waɗannan wurare. Na tsara su yadda ginin jimlar zai fito fili, na cire duk abin da zai nuna wani mutum. Inda na sa alamar tauraro, jimlar ba ta karɓu ba a kunnen Bahaushe.

(1) That means yau ba za mu tashi da wuri ba ke nan.
(2) Ka zo gobe, I mean jibi.
(3) Meaning?

Aikatau ɗaya, ayyuka da yawa

Masanin falsafar harshe H. P. Grice ya fitar da wata gajeriyar maƙala a 1957 a kan aikatau ɗin Ingilishi "mean". Ya lura Bature yana amfani da shi idan zai ce ƙurajen da suka feso a jikin yaro ƙyanda ce, yana kuma amfani da shi idan zai ce ƙararrawar da yaron bas ya kaɗa sau uku sanarwa ce cewa mota ta cika. Na farko babu wanda ya yi niyyar sanar da komai, cuta ce ta bayyana kanta. Na biyu akwai mutum a bayansa, wanda ya so a gane wani abu, kuma yana iya yin kuskure ko ƙarya. Sai da Grice ya yi dogon bayani kafin ya raba biyun, saboda harshensa bai raba masa su ba. Tsohuwa a Unguwar Gano ba ta bukatar wannan wahala. Za ta ce ƙurajen nan alamar ƙyanda ne, ta kuma ce da yaron mota ya bubbuga bodi, nufinsa direba ya ja.

Shekara 30 bayan haka, a littafinta na 1987 kan ƙananan kalmomin da ke tafiyar da hira, Deborah Schiffrin ta nuna wani aikin na daban, inda "I mean" ba ya fassara komai, gyara kawai mai magana yake yi wa bakinsa, kamar a misali na (2). Idan muka ƙara da fassarar kalma irin ta ƙamus, da kuma sakamakon da mai sauraro ya ciro da kansa, za mu ga aikatau ɗaya yana ɗauke da kayan da Hausa ta raba wa mutum huɗu ko biyar.

Kayan aikin Hausa

"Wato", ko "watau" a wasu bakunan, gaba take zuwa. Tana shiga tsakanin suna da suna, kamar a "hedikwatar ƙaramar hukumar, wato Unguwa Uku", tana kuma buɗe ganga sukutum. Wanda ya yi maganar shi ke da ikon "wato" ɗinsa. Amma da zarar mai sauraro ya karɓe ta, sai ta yi kaifi:

(4) Wato ni ce ba ni da hankali ko?

Matar da ta faɗi haka ba tambaya take yi ba, tuhuma ce, kuma mijin da ya amsa da "e" ko "a'a" bai fahimci inda aka dosa ba.

"Ma'ana" daga Larabci ta zo, ta ƙofar zaure. Wanda ya yi karatun Ahalari ko Ishmawi ko Risala ya san tsarin: almajiri ya ja baƙi, malam ya ba da kalma da kalma, sa'an nan ya ɗago kai ya ce "ma'ana" ko "wato", ya shiga sharhi. Ɗagowar kan nan da wannan kalma su ne iyakar da ke raba maganar littafi da maganar malam, kuma almajiri yana jin iyakar da kunnensa. Haka abin yake a tafsirin watan azumi tsakanin mai jan baƙi da mai fassara. Irin wannan taka-tsantsan ne ya sa fassarar Alƙur'ani ta Shehu Abubakar Mahmud Gumi, wadda ta fito a 1979, aka kira ta tarjamar ma'anoni.

"Nufi" kuwa tafiya ce asalinta. Aikatau ne ɗan aji biyu, kuma a tasha ake jin ma'anarsa ta farko: mota ta nufi Kaduna. Daga nan aka samu "me kake nufi?" da "ba da nufi na yi ba" da "Allah bai nufa ba" da "manufa". Duk inda ta je tana neman mai niyya, ko aƙalla abin da ya fuskanci wani wuri. Shi ya sa (5) take karɓuwa, (6) kuma take tsaya wa tsofaffi a wuya:

(5) Hadarin nan alamar ruwa ne.
(6) *Hadarin nan yana nufin ruwa.

Wadda ta fi jan hankalina ita ce "ke nan", kuma a kanta zan ɗan daɗe. A ƙarshe take zama, bayan an gama faɗar abin da aka gano. Mu tsaya a 'Yan Awaki ana saura kwana kaɗan Babbar Salla. Mai saye ya zagaya rago, ya matsa gadon bayansa, ya ɗaga leɓe ya duba haƙora, ya taya. Mai rago bai ko dube shi ba, ya ce, "Albarka." Dillali ya matso ya rage murya: "Alhaji, ƙara wani abu mana." Mai saye ya ce, "Ban kai ba ke nan?" Dillali ya ce, "Ka kusa dai."

Babu kalma ɗaya a wannan ciniki da ta tsaya a ma'anarta ta ƙamus. "Albarka" ƙin tayi ne. "Ka kusa" na iya zama da sauran tafiya mai nisa. Abin lura shi ne yadda mai saye ya fito da fahimtarsa: ya faɗe ta, ya rufe da "ke nan", ya miƙa wa dillali ya duba masa. Kalmar tana cewa, wannan lissafina ne daga abin da na gani da abin da na ji, in na kauce a gyara mini. Haka Hajiyar da ta leƙa mota a tasha ta ga kujeru, ta ji ɗan kamasho yana cewa saura mutum biyu, ta ce, "Sai bayan azahar ke nan." Ba ta ƙaryata shi ba, ba ta kuma ce shi ya faɗi haka ba. Ta ɗauki alhakin fassararta.

Akwai wasu 'yan uwanta da zan ambata a gurguje. "Ashe" tana nuna an ciro sakamakon da ya rushe abin da aka zata. "Wai" tana zare hannun mai magana daga abin da yake isarwa. "Na ɗauka" kusan kullum tana share fage ne ga amsa cewa fahimtar farko ba daidai ba ce. Littattafan nahawu na Paul Newman na 2000 da Philip Jaggar na 2001 sun yi bayanin ƙananan kalmomin ƙarfafawa irin su "fa" da "dai" da "kam" da "ma", kuma waɗannan suna hawa kan duk abin da na lissafa su ƙara masa launi: "wato dai" ba daidai take da "wato fa" ba.

Ta ina baƙon ya shigo, kuma ina ya zauna

Hanya ta farko ita ce ɗakin jarrabawa. Duk ɗalibin da ya rubuta Ingilishi a jarrabawar WAEC, hukumar da aka kafa tun 1952, ya haɗu da sashen da ake kawo jimla mai karin magana, a biyo ta da "This means that", a jera amsoshi, a ce ya zaɓi ɗaya. Malaman darasin yamma a Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi suna bitar tsofaffin takardun nan da yara har su haddace. Ba na ƙin wannan sashe, yana koyar da karin maganar Turawa. Sai dai yana koyar da wani abu a ɓoye: cewa kowace jimla fassara ɗaya gare ta, tana wurin mai maki, kuma da waɗannan kalmomi uku ake sanar da ita. Yaron da ya taso a gidan da ake habaici da gugar zana da magana mai harshen damo ya san ba haka magana take ba, amma ya koyi cewa idan Ingilishi ya ce "this means", gardama ta ƙare. Da wannan nauyi kalmar take fitowa daga aji ta shiga titi.

Hanya ta biyu ita ce ɗakin labarai. Tun daga 1957 da aka buɗe sashen Hausa na BBC, har zuwa gidajen rediyo masu zaman kansu da suka cika Kano bayan buɗe Freedom a 2003, yawancin labarai da Ingilishi suke isowa, a fassara su cikin gaggawa. Kunnen da ya saba da aikin fassara zai ji sawun Ingilishi a jimla irin wannan:

(7) Babban Banki ya ƙara kuɗin ruwa, hakan na nufin cewa bashi zai yi tsada.

A nan kalmomin duk Hausa ne, ginin ne na aro. An ba "hakan" niyya, alhali matakin banki ba ya nufin komai, sai dai ya jawo. Ɗan kasuwa a Tarauni zai ce, "Ka ga ke nan bashi zai yi tsada." Ni dai ba na cikin masu cewa a kori "hakan na nufin". Ta riga ta zauna, har cikin takardun jami'a, kuma harshe ba ya neman izinin malaman nahawu. Abin da nake so a lura da shi shi ne, a (7) an rasa wanda ya yi lissafin. Bankin ne ya faɗa, ko masana, ko mai fassara? Jimlar ba ta nuna ba.

Ta fuskar ginin jimla, baƙon nan yana da ladabi. Carol Myers-Scotton, a aikinta na 1993 kan cuɗanyar harsuna a magana ɗaya, ta bambance harshen da ya shimfiɗa jimla da wanda aka tsarma a ciki, ta kuma nuna wani lokaci baƙon harshe yakan shigo a dunƙule, kamar tsibiri, da nahawunsa a cikinsa. "That means" haka yake. Ba ya karɓar lamirin lokaci na Hausa, ba ya shiga tsakanin "ba" da "ba":

(8) *Bai that means za mu tafi ba.

Mai son korewa dole ya dawo gida ya ce "ba wai za mu tafi ba ne". In kuwa ya nace sai ya yi aiki da aikatau ɗin kansa, to sai ya bi hanyar da Ingausa, wato cuɗanyar Ingilishi da Hausa, ta saba, ta "yi" da "ɗin", kamar yadda ake cewa "na yi missing ɗinka". Furucin ma yana da tambarin gida. Munzali Jibril, a kundin digirinsa na uku na 1982 kan bambancin furucin Ingilishi a Nijeriya, yana cikin waɗanda suka yi nazarin yadda furucin Arewa ya saɓa wa na Kudu, kuma sanannen abu ne cewa sautin farko na "that" Bahaushe yakan mai da shi "z", ɗan Kudu ya mai da shi "d". A tashar Unguwa Uku, inda fasinjan Abuja ke cakuɗe, ana jin duka biyun a layi ɗaya.

To, tunda a goshin ganga yake zama, kujerar "wato" ya hau. Bai taɓa "ke nan" ba, domin ita a baya take. Shi ya sa misali na (1) yake da alama biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, daidai da "wato ... ke nan" da muka gada. Wasu za su kira wannan maimaici. Ni ina ganin a nan ne jimlar ta tsira da Hausarta, kuma hujjata ita ce abin da ke faruwa idan aka cire ta bayan:

(9) That means sai Litinin ke nan.
(10) That means sai Litinin.

Jimla ta (9) ta wanda ke tsaye gaban tebur ce, ya zo karɓar takarda, yana auna abin da aka gaya masa. Ta (10) ta wanda ke zaune bayan tebur ce. Ta farko tana jiran gyara, ta biyu ta rufe fayil. Mai faɗar (10) bai rasa kalmar Hausa ba, ya san "wato" sarai. Ya ari Ingilishi ne domin hukuncin ya fito kamar daga takarda ya taso, ba daga bakinsa ba.

Sauran biyun, na misali (2) da (3), ba su da wannan nauyi. "I mean" gyaran baki ne, kuma Hausa tana da "au" da "ina nufin" da "kai" don wannan aiki. "Meaning?" da "as in?" na samari da 'yan mata ne, a baki da WhatsApp, kuma ina jin abin da ya sa suka samu kasuwa shi ne "me kake nufi?" ta yi kama da neman faɗa, su kuwa waɗannan ana iya jefa su da dariya.

A ɗakin gwaji

A watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, ciki har da gwajin jinotayif, da ciwon hanta nau'in B da C, da cuta mai karya garkuwar jiki. Wannan ya ƙara yawan samari da 'yan matan da ke fitowa daga ɗakunan gwaji riƙe da takarda mai haruffa biyu, suna neman wanda zai fassara musu. Misalin da ke tafe ba na wani asibiti ba ne, irin maganar da za a iya ji ce daga ma'aikaci ko ɗan uwa da ya yi boko, ko ma aboki:

(11) Kai AS ne, ita ma AS ce. That means ɗaya cikin 'ya'yanku huɗu zai zama sikila. That means ku haƙura.

Magana uku ce a nan, kowace da matsayinta, amma kalma ɗaya ta ɗinke su. Ta farko abin da gwaji ya nuna ne. Ta biyu lissafi ne, kuma an yi shi ba daidai ba. Abin da ilimin gado ya tabbatar shi ne, idan iyaye biyu AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu AA, kuma cikin bana bai san abin da na bara ya haifar ba. Idan aka yi lissafin ma'auratan da suka haifi huɗu, yiwuwar a ce babu mai amosanin jini, wato SS, ko ɗaya kusan kashi 32 cikin 100 ce, a samu ɗaya tak kusan kashi 42, a samu biyu ko fiye kusan kashi 26. Wanda aka gaya wa "ɗaya cikin huɗu" yana iya cewa to sai mu tsaya a uku, ko kuma bayan an haifi mai ciwon ya saki jiki cewa sauran sun tsira. Duka biyun kuskure ne mai tsada, kuma yaro ne zai biya.

Ta uku shawara ce, kuma shawara ce mai kyau, wadda likitoci da malamai suke bayarwa. Amma da aka gabatar da ita da "that means", sai ta zo kamar ita ma daga na'ura ta fito, babu mutumin da za a zauna da shi a tambaya. Dubi yadda Hausa za ta tilasta wa mai bayani ya rarrabe:

(12) Gwaji ya nuna ku biyun AS ne. Ma'ana, duk cikin da aka samu yana iya zuwa da sikila, ba a san na nawa ba. Ni shawarata, ƙanena, ku haƙura.

Jimla ta (12) ta fi tsawo, kuma na san layin asibiti ba ya jira. Sai dai saurayin da ya ji ta ya san wane ɓangare ne ba ya canzuwa, wane ne zai nemi ƙarin bayani a kai, wane ne zai kai wa iyayensa a matsayin shawarar mutumin da ya kira shi ƙane.

A gaban alƙali

Sashe na 36, ƙaramin sashe na 6, na Tsarin Mulkin 1999 ya ba duk wanda ake tuhuma da laifi haƙƙin a sanar da shi tuhumar dalla-dalla da harshen da yake ji, da haƙƙin samun tafinta kyauta idan ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, a sashe na 17, ta kai wannan kariya har wurin ɗaukar jawabin wanda ake zargi: idan ba ya jin Ingilishi, tafinta zai rubuta ya karanta masa har ya fahimta kafin ya sa hannu. A manyan kotuna da Ingilishi ake rubuta abin da ya gudana, kuma wannan rubutun ne zai tafi kotun ɗaukaka ƙara, inda babu wanda ya ji muryar mai maganar. Duk abin da tafinta ya ƙara ko ya rage, shi ne zai zama maganar mutumin har abada.

Mu ɗauki amsoshi biyu da Bahaushe yake bayarwa ba tare da tunani ba. An karanta tuhuma, an tambaye shi ko ya gane, ya ce, "Na ji." Wannan na iya zama sauti ya shiga kunnena, ko na fahimta, ko na yarda, ko kuma ladabi ne kawai na talaka a gaban manya, irin "to" da ake ce wa uba ko da ba a gamsu ba. Sai aka tambaye shi ko ya aikata, ya ce:

(13) Ranka ya daɗe, na karɓi kuɗin kam, amma ai bashi ne.

"Kam" ta amince da karɓa, "amma ai" ta musanta laifi. Ƙa'idar shari'a ita ce amsa laifi sai ta fito fili babu harshen damo, in kuwa da "amma" a ciki, to a rubuta bai amsa ba, a saurari shaidu. Tafintan da ya gaji, ko yake son ya sauƙaƙa wa kotu, yana iya juya rabin farko, ya haɗiye na biyu, ya rufe da "that means he admits". A Hausa da ya ce "ya amsa ke nan", kowa a ɗakin zai ji cewa lissafin tafinta ne, har wanda ake tuhuma ya yi wuf ya ce, "A'a, ban ce haka ba." Da Ingilishi kuwa mutumin bai ji abin da aka ce ba balle ya gyara, kuma alƙalami ya riga ya wuce.

Ba na zargin tafintoci. Aikinsu yana da wuya, kuma al'adar da suka taso a ciki, ta zaure da ta dillanci da ta sulhu tsakanin dangi, tana yaba wa mai shiga tsakani ne idan ya tace magana ya fito da gundarinta. Kotu kuwa akasin haka take bukata, kuma ba kowa ake zaunarwa a koya masa bambancin ba. Ina ganin sassan nazarin Hausa da na shari'a a Jami'ar Bayero za su iya haɗa hannu su tsara ɗan gajeren horo a kan wannan gaɓa kaɗai. Abin da za a koyar ba shi da yawa. Tafinta ya juya "kam" da "dai" da "ai" da "wai" kamar yadda yake juya suna da aikatau, domin a (13) su ne ke ɗauke da kariyar mutumin. Kada "wato" ko "that means" su fito daga bakinsa sai in mai maganar ne ya faɗe su. Idan dole ya yi bayanin wata al'ada, kamar "albarka" a ciniki ko "na ji" a gaban babba, ya nemi izinin kotu, ya bayyana cewa yanzu shi ne ke magana, a rubuta haka. Idan kuma alƙali ya juyo ya tambaye shi abin da mutumin yake nufi, kada ya amsa da kansa, ya mayar da tambayar inda ta fito: "Malam, mai shari'a yana tambaya, da ka ce ka karɓi kuɗin amma bashi ne, wa ya ba ka, kuma da wane sharaɗi?"